SATAR KEKUNAN MA'AIKATAN AGAJI DA HANYAR MAGANCE TA: MISALI DAGA ƘASAR KANKIYA DA KUSADA



Mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu sauraro su yi mamakin a tara jama'a a zauren jami'a domin a yi magana a kan satar keke. A zamanin da ake kore garken shanu sukutum, ana ɗauke mutane daga cikin gidajensu, lalle satar keke ta yi kama da abin da bai isa a kawo shi gaban malamai ba. To, amma kekuna iri-iri ne. Akwai wanda in an sace shi mai shi kaɗai ya yi asara, akwai kuma wanda in an sace shi gari guda ne ya yi asara, ko da mutanen garin ba su sani ba. Wannan na biyun shi ne abin da laccar nan za ta duba, watau keken mutumin da ake kira sa'ad da rai ke cikin haɗari.

A manyan biranen duniya in an ce ma'aikacin agajin gaggawa, ana nufin 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya. Can ma keke yana da aikinsa. Tun shekarar 2000 hukumar motocin asibiti ta birnin Landan ta kafa rukunin ma'aikata masu hawa kekuna, suna ɗauke da iskar numfashi da na'urar farfaɗo da zuciya, domin sun fi mota saurin ratsa cinkoso. A ƙasar Kankiya da Kusada kuwa mutanen daban ne. Su ne malamin ɗakin shan magani na ƙauye, da jami'in da ke bin sawun annoba yana kai rahoto hedkwata, da mai duba aikin masu allurar rigakafi, da duba-gari, da masu raba wa yara maganin zazzaɓi da damina, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da na Red Cross. Har ila yau akwai wanda babu sunansa a takardar albashin kowa, watau saurayin da akan tasa cikin dare a ce ya garzaya ya kira direba. Ya kamata a lura cewa yawancin masu shiga gida-gida mata ne, kuma a ƙasa suke tafiya. Keke abin hawan mazan da ke kai musu kaya ne, da masu bin bayansu da littafi, da masu kai labari.

Ba a zaɓi wannan yanki haka kawai ba. Kankiya tana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, Kusada kuma tana maƙwabtaka da ita ta wajen iyakar Jihar Kano. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 150,000 a Ƙaramar Hukumar Kankiya, da kusan 100,000 a ta Kusada, galibinsu manoma, warwatse cikin ƙauyuka da unguwanni. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan da ke bayan Rimaye ko Kafin Soli, ko na bayan Yashe da Mawashi, ya san hanyar burji ce, sa'an nan turba, sa'an nan rairayi, in damina ta yi nisa kuwa sai rafi ya yanke ta. Bayan wannan, Kankiya tsohon gari ne a tarihin kiwon lafiyar karkara. Tun zamanin mulkin mallaka aka kafa cibiyar lafiyar karkara a can. A ƙarshen shekarun 1960 a gundumar Kankiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada haɗa feshin DDT a ɗakuna da raba wa jama'a maganin zazzaɓin cizon sauro zagaye bayan zagaye, tun kafin babban binciken da aka yi a Garki. Makarantar koyon aikin lafiya da ke garin kuwa ta daɗe tana yaye malaman da ke riƙe da ɗakunan shan magani a faɗin Jihar Katsina. Saboda haka mutanen wannan ƙasa sun saba da ganin ma'aikaci ya shigo gari da akwati a bayan keke.

Wani zai ce ai zamanin keke ya wuce, yanzu babur ake yayi. Gaskiya ne babur ya karɓe aiki mai yawa. Amma abubuwa biyu sun mayar da hannun agogo baya. Na farko, saboda ta'asar 'yan bindiga gwamnatin Jihar Katsina ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a shekarar 2021, sa'an nan ko ba doka, mai babur a daji abin hari ne, abin tuhuma kuma. Na biyu, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ƙaramin ma'aikaci ya koma lissafin kowace lita. Keke ba ya shan mai, ba ya ƙara, kuma duk ƙauyen da aka je akwai mai faci.

Abin da ake sacewa

Idan aka kai ƙarar satar keke wurin 'yan sanda, abin da za a rubuta shi ne kuɗin keken. Wannan lissafi gajere ne ƙwarai. A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa mace mai naƙuda kan rasa ranta ta hanyar jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Keke yana tsakiyar jinkiri na biyu. Ba a ɗora mai zubar jini ko mai jijjiga a kan keke, amma da keke ake zuwa kiran motar da za ta ɗauke ta. A ƙarƙashin shirin PRRINN-MNCH, wanda ya yi aiki a jihohin Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Tsari ne mai kyau, sai dai direba yana tasha ko bakin hanya, mara lafiya tana can cikin lungu. Inda waya ba ta kamawa, ko caji ya ƙare, abin da ke haɗa su biyun shi ne mutum a kan keke. A ɗauka tazarar kilomita 10 ce. Mai keke zai ci ta cikin minti 45 ko ƙasa da haka, mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya yi awa biyu. Likitoci sun tabbatar cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba. Jinkiri ma haɗari ne ga wanda kububuwa ta sara a gona.

Sa'an nan a dubi akwatin da ke ɗaure a kariya. Yawancin alluran rigakafi ana bukatar a riƙe su a sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce 8 ba, ƙanƙarar da ke cikin akwatin kuwa tana da iyakar sa'o'inta. Ɓarawo ba ya son akwatin, jefar da shi zai yi a cikin dawa. Amma ko da ya bar shi, ma'aikacin da aka bari a ƙasa tsakar rana ba zai kai ƙauyuka ukun da suka rage masa ba. Yaran waɗannan ƙauyuka sai wani zagayen, ƙyanda kuwa ba ta jiran zagaye. Manyan nasarorin da ƙasar nan ta samu duk da irin wannan tafiya aka same su. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, a 2013 aka tabbatar cewa cutar ta ƙare. A watan Agusta na 2020 aka shaida cewa ƙwayar shan-inna ta asali ta bar nahiyar Afirka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi daga ofis. Mutane ne suka bi rijiya-rijiya, gida-gida, wata bayan wata.

Akwai kuma asara ta uku wadda ba a cika faɗa ba. Ma'aikacin da aka sace wa keke sau ɗaya, aka bar shi ya biya da albashinsa, ya koyi darasi. Gobe ba zai je ƙauye mai nisa ba, ko kuwa ya zauna gindin bishiya ya cika takarda.

Dalilin da ya sa keken ma'aikaci ke da sauƙin ɗauka

Masu nazarin laifuffuka biyu a Amurka, Cohen da Felson, sun nuna a 1979 cewa sata kan auku ne inda abu uku suka haɗu: mai niyya, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Bahaushe ya riga su, da ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Keke kuwa daddawa ce mai wari sosai. Shi ne kayan da ɓarawo ba ya ɗauka a ka, kayan ne ke ɗaukar ɓarawon. Ba wanda zai tsayar da mutum don ya gan shi bisa keke. Baƙin Raleigh ko Phoenix na wannan gida bai bambanta da na wancan gida ba. Ga shi kuma kullum da mai saye.

Abin da ya keɓanta ga ma'aikacin agaji shi ne sharaɗi na uku. Manomi yana jingine kekensa inda idonsa ke kai. Ɗan kasuwa yana da maƙwabcin rumfa. Ma'aikacin agaji kuwa aikinsa ne ya tilasta masa ya juya wa kekensa baya. Yakan iso a guje, ya yar da shi a ƙofar gida, ya shige, bai san ko minti biyar zai yi ko awa uku ba. Hankalin duk wanda ke wurin ya koma kan mara lafiya. Ga cincirindon jama'a, wanda ke rufe ɓarawo maimakon ya tona shi, domin kowa yana zaton mai tura keken ɗan gidan ne aka aika. Sau da yawa kuma shi ma'aikacin baƙo ne a unguwar, ba wanda ya san nasa da wanda ba nasa ba. Saboda haka shawarar da aka saba bayarwa, cewa kowa ya kula da kayansa, ba ta da amfani a nan. Mutumin da ake so ya sa ido a kan keke, an riga an ɗauke shi aikin sa ido a kan numfashin yaro.

A nan yana da kyau a tsaya a kan kalmar kanta. Hausawa sun ari "keke" daga Yarbanci, suka shimfiɗa ta a kan duk abin da ke juyawa, har aka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Sun ari "basukur" daga Ingilishi, sun ce "laulawa", sa'an nan suka yi masa kirari da dokin ƙarfe. Wannan suna na ƙarshe ya fi sauran amfani ga mai nazari, domin ya nuna gurbin da keke ya gada. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan satar dabbar hawa. Haddi ba ya hawa kan ɓarawo sai kayan sun kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma sai an fitar da su daga hirzi, watau wurin da a al'ada ake ajiye irinsu a ce an adana. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil an bambanta tsakanin dabbar da ke tsaye a matsayarta da aka san ta da ita, wadda ake ɗauka tana cikin hirzi, da wadda aka bari a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa ba mai gadi, wadda ba a yanke hannu saboda ita, sai dai a yi wa ɓarawon horo gwargwadon ganin alƙali. Abin lura a nan shi ne, malaman sun gane cewa tsaro ba katanga kaɗai ba ce. Wuri yana zama hirzi idan jama'a sun san cewa nan ne mazaunin abin, ko kuma akwai wanda aka ɗora wa kula da shi. Keken ma'aikacin agaji kullum a ƙofar masallaci yake, in an bi wannan misali. Aikin da ke gaban hukuma da jama'a shi ne su yi masa hirzi a duk inda ya tsaya.

Ɓarawon zaune

Kafin a zo kan yadda za a yi wannan, sai a tambaya: ina keken yake zuwa? Ba safai ɓarawo kan hau abin da ya sata a garin da ya sata ba. Ko dai ya bi da shi kwalta zuwa kasuwar da ba a san shi ba, a nan kuwa hanyar Kano zuwa Katsina da mararrabar Yashe sun sauƙaƙa masa, ko kuma ya kai wa wanda zai kwance shi, a sayar da ƙafafu daban, sarƙa daban, sirdi da feda daban. Ko ta wace hanya, sai da mai karɓa. Hausa ta ba wannan mutum sunan da ya fi kowace doka bayani, ta ce masa ɓarawon zaune. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya bi wannan hankali: ya yanka wa sata ta gama-gari ɗaurin da zai iya kai shekara 5, mai karɓar kayan sata da saninsa kuwa har shekara 14. A Ingila ma, binciken da Mike Sutton ya yi wa ma'aikatar harkokin cikin gida a 1998 ya kai ga wannan matsayi, cewa a rage kasuwar kayan sata ya fi a bi ɓarayi ɗaya-ɗaya.

Duk da haka tsananin hukunci a takarda bai taɓa hana kowa ba in ya tabbata ba za a kama shi ba. Mai karɓar keke yana da amsa guda wadda ke kuɓutar da shi kullum: ban sani ba. Muddin kekuna duka kama ɗaya ne, amsar nan gaskiya ce ko a gaban alƙali. Maganin satar keken ma'aikaci, a taƙaice, shi ne a ƙwace wannan amsa daga bakin mai saye.

Dattawan da ke cikin wannan zaure za su tuna cewa an taɓa yin haka. A zamanin En'e kowane keke yana da lasin. Mai shi yakan biya kuɗi a shekara, a ba shi 'yar lambar ƙarfe ya ɗaura, a rubuta a littafi, ɗan doka kuma yana da ikon tsayar da shi ya duba. Ba za a yi wa wannan tsari kwalliya ba. Haraji ne, an ƙirƙire shi domin baitulmali, kuma 'yan doka sun sha mayar da shi hanyar tatsar talakawa ran kasuwa. Amma ya haifar da wani amfani da ba a nufa ba, watau kowane keke yana da suna a wani littafi. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 abin ya yi ta lalacewa har ya mutu. Ikon kuwa bai mutu ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, kamar na 1979, ya lissafa ba da lasin kekuna da amalanke da kwale-kwale cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan majalisar Kankiya ko ta Kusada ba ta bukatar izinin Abuja kafin ta buɗe littafi. Ƙasashen da suka fi kowa hawa keke ba su raina wannan ba. A Denmark tun shekarun 1940 ake buga wa kowane keke lamba a jikinsa, a Japan kuma rajistar keke ta zama wajibi tun 1994.

Sai dai kuskure ne babba a ce a dawo da lasin a kan kowa da kowa. Ranar da aka sa kuɗi a ciki, ranar aka mayar da shi shingen karɓar na goro, jama'a kuma za su tsane shi tare da ma'aikatan da aka yi dominsu. Abin da ake bukata ƙarami ne: rajista kyauta ta kekunan ma'aikatan agaji kaɗai, waɗanda a ƙaramar hukuma guda littafi ɗaya zai ɗauke su.

Rajista ba ta aiki sai da shaida a jikin keken, kuma shaidar iri biyu ce. Akwai ta nesa, watau fenti. A shafe keken duka da launi guda mai ɗaukar ido wanda ba a sayar da irinsa a kanti, har da madigadi da kariya, yadda yaro ma zai ce ga keken asibiti. Makiyayi ya san wannan dabara, shi ya sa yake tsaga kunnen dabba ko ya yi mata lalas. Amma fenti ana kankare shi da yammaci guda. Don haka sai shaida ta kusa, watau lamba da aka buga da ƙarfe, ba a wuri ɗaya ba: a jikin keken, a kan ƙafafun biyu, a kan abin tuƙi, a ƙarƙashin kariya. Dalili shi ne mai kwance keke. Idan jikin kaɗai aka buga wa lamba, sai a jefa shi rijiya a sayar da sauran. Idan kowane babban sashe yana da tasa, to, ko dai a bar ta ta tona asiri, ko a goge ta da zarto, gurbin gogewar kuma shi kansa shaida ne. Daga nan mai saye ba shi da sauran "ban sani ba".

Wanda zai karanta shaidar kuwa ba ɗan sanda ba ne da farko. Masu gyaran keke ne da dillalai. Babu keken da zai shekara bai je hannun mai faci ba, kuma masu wannan sana'a sun san kekunan garinsu kamar yadda ungozoma ta san 'ya'yan unguwa. A kasuwannin ƙasar Hausa dillali ba mai neman la'ada kaɗai ba ne, shi ne shaidar ciniki, shi ake kamawa in kaya suka zama na sata. Idan sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya kira shugabannin waɗannan sana'o'i, ya nuna musu launi da tsarin lambar, ya ba su aikin gyaran kekunan a biya su, sun zama masu gadin da ba a ɗauka aiki ba. In aka tsallake su, aka kawo ɗan kwangila daga birni ya yi fenti ya tafi, an yi asarar fenti.

Akwai gargaɗi guda daga Ingila. A Jami'ar Newcastle an manna hoton idanun mutum da 'yar sanarwa a wurare uku da ake ajiye kekuna, aka buga sakamakon a 2012. Sata ta ragu da kashi 62 cikin ɗari a waɗannan wurare, amma ta ƙaru da kusan wannan gwargwado a sauran wuraren jami'ar. Darasi biyu ne a ciki. Ɓarawon keke matsoraci ne, ko zaton ana kallonsa ya isa ya kore shi. Amma korarsa aka yi, ba a shiryar da shi ba. Idan Kankiya ta yi wa kekunanta shaida Kusada ba ta yi ba, an tura matsalar ƙetaren iyaka ne kurum. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu da Ingawa mazaɓa ɗaya suke a majalisar wakilai ta tarayya, kasuwanninsu kuma a haɗe suke, saboda haka launi ɗaya da littafi mai tsari ɗaya ya kamata su yi. Gaskiya ne kuma cewa wani kaso na satar zai koma kan keken manomi. Wannan ba abin murna ba ne, amma hukuma tana da hujjar fara kare wanda rayuka suka rataya a kansa.

Hirzi a ƙofar gida

Saura lokacin da keken ke jingine. Al'adar ƙasar nan ta riga ta tanadi amsa. Baƙo in ya sauka, dokinsa yana wuyan mai masaukinsa, abin kunya ne kuwa a ce an kwance dokin baƙo a ƙofar wane. Abin da ya rage shi ne a faɗa da baki cewa ma'aikacin agaji baƙon mai unguwa ne, kekensa kuma amanar gidan da aka kira shi. Hakimi ya gaya wa dagatai, dagatai su gaya wa masu unguwanni, liman ya ambata ran Juma'a. A aikace abin bai wuce a shigar da keken cikin zaure ba, ko maigida ya kira yaro ɗaya da sunansa ya ce kai ne mai keken malam har ya fito. A kira suna yana da muhimmanci, domin abin da aka bar wa kowa ba a bar wa kowa ba. Ranar rigakafi kuma, ƙofar gidan mai unguwa ita ce matsaya, kowa ya sani.

Kwaɗo da sarƙa suna da nasu wuri, ba a hana ba. Amma ɗan makullin nan da ke kama ƙafar baya ba ya hana a ɗaga keken a sa a amalanke, sarƙar da za a tsaya neman turken da za a ɗaura ta kuwa, mai gaggawa ba zai yi amfani da ita ba. A ɗakunan shan magani da babban asibitin Kankiya, inda keke ke kwana ko yini, a nan ne ya kamata a kafa ƙarfe cikin siminti, a inda mai gadi ke gani.

Ba za a rufe ido ba ga wata satar da ba ta da ɓarawo. Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun san yadda kayan ofis ke ɓata a takarda alhali suna gidan wani, ko yadda akan raba kekunan da aka kawo domin ma'aikata ga waɗanda ba su taɓa ganin akwatin allura ba. Kalmar "kayan gwamnati" ta zama kamar ana nufin kayan da ba su da mai su. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta raba kekuna wajen 23,000 ga masu jinyar sa-kai a Zambiya, kuma tsarin da ta saba bi shi ne yarjejeniya: ma'aikaci ya yi aiki da keken shekara biyu, ya zama nasa. Mutum yana kula da abin da zai gada. Ana iya yin haka a nan, da sharaɗin a rubuta ranar mallakar a littafi, a kuma buga wa keken alamar sallama, don kada halattaccen ciniki ya rikita shaidar. Haka nan wajibi ne sashen lafiya ya ajiye keke biyu ko uku na ko-ta-kwana, yadda wanda aka sace wa nasa da safe zai koma aiki da azahar, ana bincike daga baya. A tuhumi ma'aikaci kafin a ba shi wani, shi ne ke sa a ɓoye satar, satar da aka ɓoye kuwa ba a cigiyarta.

Cigiyar ma tana da ƙa'ida. Awoyin farko su ne masu amfani, kafin a kai ga zarto. Lambar ta isa ga shugaban masu gyara, da sarkin tasha, da ofishin 'yan sanda, da 'yan sintiri, duk a rana ɗaya, yau kuwa saƙon waya guda ya isa. In aka kama mutum da keken, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. An sha kashe mutane a kasuwannin ƙasar nan saboda ihun "ɓarawo", wani lokaci ma ba su ne ba, kuma wanda aka kashe ba ya faɗin wanda yake kai wa kaya.

Littafin kansa ba ya bukatar kwamfuta. Shafi guda ga kowane keke: lambarsa, irinsa, sunan wanda ke riƙe da shi da mazaɓarsa, ranar da aka ba shi, ranar da zai zama nasa, da sa hannun mai unguwar da ya shaida. Kwafi ɗaya a ofishin shugaban sashen lafiya, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya wurin shugaban masu gyaran keke. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, waɗanda dama akan tura su ƙauyuka koyon aiki, suna iya zagayawa su cika shafukan farko a zango guda, tun da su ne za su hau kekunan in sun gama.